Ci-rani a gonakin Amurka da Kanada: yadda ɗan ƙwadagon Meziko zai je ya dawo da haƙƙinsa cikakke

Kusan babu watan da motocin safa ba sa tashi daga garuruwan jihohin Michoacán da Guanajuato da Oaxaca da Veracruz da Chiapas na Meziko, cike da mazajen da suka nufi arewa. Wasu lemun Filorida za su tsinka, wasu albasar Jojiya, wasu ganyen taba da dankali a Karolina ta Arewa, wasu kuma a kan tsani za su ƙare kaka cikin gonakin tuffa na jihar Washington. Ci-rani ne irin wanda kowa ya sani, sai dai wannan da fasfo da hatimi ake yin sa. A shekarar 2023 kaɗai Amurka ta bayar da bizar aikin gona samfurin H-2A fiye da 300,000, kuma kusan tara cikin kowace goma a hannun 'yan Meziko ta faɗa. Kanada ma tana ɗaukar sama da mutum 20,000 daga ƙasar duk shekara.

Hanyar tsohuwa ce. Daga 1942 zuwa 1964 an yi shirin Bracero na kai leburorin Meziko aiki Amurka, wanda a ƙarƙashinsa aka sa hannu a kan kwantiragi sama da miliyan huɗu da rabi. A shekarun farko an riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikata da sunan ajiya, wai sai sun koma gida a ba su. Da yawansu har suka tsufa ba su ga ko peso ɗaya ba. Da gwamnatin Meziko ta tashi biyan diyyar peso 38,000 ga kowannensu a 2005, sai aka ce kowa ya kawo shaidar ya yi aikin, kuma waɗanda suka adana tsofaffin takardunsu ne suka shiga layi. Har yau haka lamarin yake. Dokar H-2A, wadda aka kafa a 1986, tana da kyau a rubuce, amma tana aiki ne ga mutumin da ya tafi ba bashi a wuyansa, yake kuma riƙe da shaidar kowace sa'a da ya yi a gona.

Aikin ba na sayarwa ba ne

Mai gona ne ke fara komai. Shi zai kai buƙatarsa ga hukumar ƙwadago ta jiharsa kwana 60 zuwa 75 kafin ranar fara aiki, ya sami amincewar Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya cewa bai sami isassun 'yan ƙasa ba, sannan ya shigar da fom I-129 a hukumar shige da fice ta USCIS. Sai ta amince ne ma'aikaci zai nemi biza, kuma bizar da sunan wannan mai gonar take fitowa. Saboda haka babu wani mahaluki a Meziko da ke da biza a aljihu da zai sayar wa wani.

Tsakanin mai gona da ƙauye akwai dillali, wanda ake ce wa enganchador ko reclutador. Mai gona ne ya kamata ya biya shi ladansa. Dokar Amurka ta haramta a karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci don a sama masa aikin, dokar ƙwadago ta Meziko ma haka. Duk da haka ana karɓa, yau da sunan kuɗin rajista, gobe da sunan kama gurbi ko gyaran takardu. Mutum ya je wurin mai ba da bashi da ruwa, ya jinginar da takardar gonar iyayensa, ya tafi. Tun daga ranar ya ɗauru. In an zaftare masa sa'o'i ba zai tanka ba, in zafi ya bugar da shi ba zai zauna ba, domin ya san in an kore shi kafin ya biya bashin, gonar gida ta tafi. Ƙarar da masu gabatar da ƙara na tarayya suka shigar a Jojiya a Nuwamban 2021, inda aka tuhumi mutum 24, ta nuna inda wannan hanya ke kai wa: ma'aikatan da aka shigo da su da biza halastacciya, aka ƙwace fasfonsu, ana biyan su senti 20 a kan bokitin albasa, har aƙalla biyu suka rasu.

Kafin a miƙa wa kowa ko da kofin takarda, a nemi abu uku daga dillali: cikakken sunan mai gonar, garin da gonar take, da lambar takardar neman ma'aikata, wadda ke farawa da H-300. Da waɗannan sai a duba shafin SeasonalJobs.dol.gov na Ma'aikatar Ƙwadago, inda ake saka ayyukan da aka nemi izininsu tare da albashi da ranakun farawa da gamawa. Aikin da ba ya nan abin tsoro ne. Akwai kuma shafin Contratados.org na ƙungiyar Centro de los Derechos del Migrante, inda ma'aikata da kansu ke rubuta yadda suka kwashe da dillalai da masu gonaki. Ofisoshin samar da aikin yi na gwamnatin Meziko, wato Servicio Nacional de Empleo, su ma suna taimakawa wajen tantancewa, kuma kyauta ne.

Ɗan damfara ba shi da wuyar ganewa in an natsu. A Facebook ko WhatsApp kawai ake samun sa. Yana gaggawa, gurbi biyu suka rage, a turo kuɗi yau cikin asusun wani mutum. Yana alkawarin takardar zama ta dindindin, alhali H-2A ba ta kai mutum can. Wanda ya riga ya biya, to ya adana rasit da hoton duk saƙonnin da suka yi, ya tuntuɓi lauyoyin ma'aikata kafin ranar zuwa ofishin jakadanci. Dillali zai ce masa in an tambaye shi ko ya biya wani abu ya musanta. Shawarar ta dillali ce, kansa yake karewa.

Takardu da layin Monterrey

Fasfo na ma'aikaci ne, shi zai biya kuɗinsa a ma'aikatar harkokin wajen Meziko. Ya duba sunansa da ranar haihuwarsa su dace harafi da harafi da abin da ke takardar haihuwa da lambar CURP ta rajistar 'yan ƙasa a Meziko, domin harafi ɗaya da ya kauce ya isa ya sa ayari ya tafi ya bar shi. Sai fom DS-160 da ake cikewa ta intanet, da kuɗin biza dala 205. Yawanci wakilin mai gona ne ke cike fom ɗin, amma amsoshin na ma'aikaci ne, don haka ya sa a karanta masa kafin a aika.

Ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke birnin Monterrey na arewacin Meziko ne ya fi kowane yin wannan aiki, ko da yake ana yi a wasu biranen kamar Hermosillo da Tijuana da Nuevo Laredo. Akan kwana uku zuwa biyar a garin tsakanin ɗaukar hoton yatsu da ganawa da jami'i da karɓar fasfo. Tambayar da ta fi kayar da mutane ita ce ko sun taɓa shiga Amurka ba takarda. Wanda ya zauna fiye da kwana 180 ba izini, hanin shekara uku ke hawa kansa, in ya kai shekara guda kuma hanin shekara goma. Waɗannan suna ƙarewa. Ƙarya ga jami'in biza kuwa tana iya jawo hani na har abada, kuma hoton yatsun da aka ɗauka a kan iyaka shekara goma sha biyar da suka wuce yana nan a kwamfuta.

Tun daga tashar motar ƙauye a fara tara rasit: na mota, na otal a Monterrey, na abinci, na biza, na takardar I-94 da ake bayarwa a kan iyaka. A sa su cikin leda guda, a ɗauki hotonsu da waya, a tura wa wani a gida. Wannan kuɗin duka na dawowa ne.

Abin da za a nema a cikin kwantiragi

Dole a bai wa ma'aikaci kwantiragi a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin ya nemi biza ko a ranar. Ga mutanen Oaxaca da Guerrero da Chiapas da ke magana da Mixteco ko Triqui ko Tsotsil, waɗanda Sifaniyancinsu bai nuna ba, wannan wuri ne da ake yawan cutarsu. Su nemi wanda zai fassara musu baki da baki kafin su dangwala hannu.

Abu na farko albashin sa'a. Akwai mafi ƙarancin albashi na musamman ga wannan biza, ana kiran sa AEWR, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A 2024 ya kama daga dala 14.53 a Misisipi da Luwiziyana da Arkansas zuwa dala 19.75 a Kalifoniya. A Oktoban 2025 gwamnati ta sauya hanyar lissafinsa, ya ragu a wurare da dama, don haka kada kowa ya dogara da abin da aka biya shi bara. Lambar da ke cikin takardar bana ita ce abin riƙewa. In mafi ƙarancin albashin jihar ya fi ta, shi za a biya. Dokar tarayya ba ta tilasta a biya ma'aikacin gona ƙarin kuɗi in ya wuce sa'a 40 a mako ba, amma jihohi irin su Kalifoniya da Washington sun tilasta.

Na biyu, garantin kashi uku cikin huɗu, wanda ma'aikata da yawa ba su ma san da shi ba. Mai gona ya ɗauki alkawarin bayar da aƙalla kashi 75 cikin 100 na sa'o'in da aka rubuta. A ce kwantiragin mako 20 ne, sa'a 40 kowane mako, jimla sa'a 800. Garantin sa'a 600 ke nan. In amfanin gona bai yi kyau ba aka ba shi sa'a 450 kawai, yana bin kuɗin sa'a 150, wanda a kan dala 15 ya kama dala 2,250. A ƙarshen kwantiragi ake wannan lissafi, ba mako-mako ba. Sa'o'in ranar aiki da aka ba shi ya ƙi yi ana ƙirga su kamar ya yi. Wanda kuma ya yi kwana biyar na aiki a jere bai fito ba ba tare da izini ba, ana ɗaukarsa ya gudu, ya rasa garantin da kuɗin komawa gida, a kuma kai sunansa ga hukuma. Nan ne wasu masu gonaki ke yin dabara: aiki ya ja baya, sai a kawo wata takarda da Turanci a ce kowa ya sa hannu a sallame shi da wuri. Takardar tana cewa da son ransa ya bar aiki. Kada a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba, ko da motar komawa tana jira a waje.

Na uku, kuɗin tafiya. In ma'aikaci ya kai rabin kwantiragi, dole a mayar masa da kuɗin mota da na abincin hanya tun daga garin da aka ɗauko shi. A lura, daga garinsu, ba daga kan iyaka ba. Kotuna ma sun yanke cewa in kuɗin da ya kashe wajen zuwa ya sa albashin makon farko ya gaza mafi ƙarancin albashi na tarayya, a makon farkon za a cike masa giɓin. In ya gama kwantiragi, komawa ma a wuyan mai gona take.

Sauran a taƙaice: masauki, kayan aiki, motar kai wa gona da dawowa, da inshorar rauni a wurin aiki, ba a cire ko senti daga albashi dominsu. Abinci kuwa, ko dai a ba da wurin girki kyauta, ko a ba da abinci sau uku a rana a cire kuɗin da bai wuce abin da gwamnati ta ƙayyade ba, kusan dala 16 a rana a 2024 da 2025.

Jinga da littafin aljihu

Yawancin tsinka da jinga ake yin ta, abin da suke kira a destajo ko por contrato. A gonar tumatir bokiti guda fam 32 ne, kilo 14 da rabi. Mutum zai cika shi a sunkuye, ya saɓa a kafaɗa, ya ruga zuwa babbar mota, ya cilla wa wanda ke sama, a jefo masa bokitin da ɗan tikitin roba a ciki. Tikitin nan shi ne kuɗinsa. Ya ƙirga su kafin ya miƙa wa mayordomo, shugaban leburori, ya kuma ga lambar da aka rubuta da idonsa.

Ƙa'idar ita ce jinga ba ta isa ta sa mutum ya sami ƙasa da albashin sa'a ba. A ce ana biyan senti 60 a kan bokiti, albashin sa'a kuma dala 15. Ma'aikaci ya yi sa'a 10 ya cika bokiti 200, kusan tan uku na tumatir ke nan ya ɗauka a kafaɗarsa. Kuɗin jinga dala 120, kuɗin sa'a dala 150. Dole a cika masa dala 30. Ga yadda ake cinye ta: a takardar albashi sai a rubuta sa'a 8. Takwas sau 15 ya ba da 120 daidai, lissafi ya tashi tsaf, babu wanda zai ga aibu in ya duba takarda. Sa'a biyun da suka ɓace yawanci su ne na jiran raɓa ta bushe da safe bayan an riga an kai mutane gona, da na sauya gona da tsakar rana, da na jiran mota ta kawo akwatuna. Duk lokacin aiki ne.

Maganinsa ɗan littafi ne da biro. Kowace rana a rubuta kwanan wata, lokacin da aka isa gona, lokacin hutun cin abinci, lokacin tashi, sunan gonar ko lambar filin, yawan bokiti, da sunan mayordomon ranar. A rubuta a ranar, domin bayan mako biyu kwanaki sun cakuɗe a ka. In mutum uku ko huɗu na ayari ɗaya kowa yana da nasa littafin, shaidar ta yi ƙarfin da ba a iya ture ta. Ana biyan albashi aƙalla sau biyu a wata, kuma kowane biya dole ya zo da takarda mai nuna sa'o'in da aka bayar, waɗanda aka yi, yawan abin da aka tsinka, da duk abin da aka cire. A gwada ta da littafi a daren da aka karɓa. In ana da wani adadi da ake son kowa ya cika a sa'a, wajibi ne ya kasance a rubuce a kwantiragi tun farko, ba a ƙirƙiro shi a tsakiyar kaka don a sami hujjar korar marasa sauri ba.

Masauki

Hukuma kan duba gidan kafin mutane su iso, amma gidan da aka duba don mutum goma sha biyu wani lokaci ashirin ake zubawa. Ma'aunin tarayya da ya shafi yawancin gidajen shi ne kowane mutum ya sami murabba'in ƙafa 50 a ɗakin kwana, gado ya tashi daga ƙasa, a bar ƙafa uku tsakanin gadaje, ba a kuma yarda da gado mai hawa uku ba. Shawa ɗaya ga mutum 10, masai ɗaya ga mutum 15, murhu ɗaya ga mutum 10. A ɗauki hoton duk abin da ya lalace a ranar isowa, don kada a ɗora wa mutum kuɗin gyara ranar tafiya. Fasfo kuma ya zauna a hannun mai shi. Ba mai gona, ba mayordomo, ba wanda doka ta ba ikon riƙe shi da sunan ajiya.

Zafi, taba da feshi

Makon farko ne ya fi kisa. Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta OSHA ta ce kusan uku cikin huɗu na waɗanda zafi ke kashewa a wurin aiki a makonsu na farko suke mutuwa. Dalili a fili yake. Mutumin da ya taso daga tsaunukan Oaxaca masu sanyi, ya kwana biyu a mota, ya sauka a Jojiya a watan Yuni, jikinsa bai koyi zufa irin ta wurin ba, ga shi kuma yana son ya nuna wa mai gona cewa shi ba rago ba ne. Shawarar hukumar ita ce a ranar farko sabon zuwa ya yi kashi 20 cikin 100 na aikin cikin zafi, a riƙa ƙara kashi 20 kowace rana. Ruwa kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, ko ana jin ƙishi ko ba a ji, wato kusan lita guda a sa'a, amma kada ya wuce lita ɗaya da rabi. Fitsari in ya yi duhu, jiki ya riga ya shiga bashin ruwa. Lemun gwangwani mai ƙara kuzari da giyar dare suna ƙara dagula abin.

Jinga ce babbar abokiyar gābar lafiya a nan, domin duk minti biyar da aka yi a inuwa bokiti ne ya tafi. Shi ya sa ya kamata 'yan ayari su riƙa lura da juna. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da murɗewar tsoka gargaɗi ne, a je inuwa. Amma in mutum ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, ko ya faɗi, a kira lambar gaggawa ta 911 nan take, a cire masa kaya masu nauyi, a kwarara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hamata da matsematsi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kai shi cikin mota ko ƙarƙashin bishiya a bar shi shi kaɗai wai ya huta. Kalifoniya tana da dokar zafi tun 2005: inuwa dole in zafi ya wuce digiri 27 a ma'aunin Salshiyos, hutun minti 10 duk sa'a biyu in ya kai 35. Jihohi da yawa ba su da irinta. A matakin tarayya, gonar da ke da ma'aikatan fili 11 ko fiye dole ta ajiye ruwan sha, da masai da wurin wanke hannu ɗaya ga kowane mutum 20, a tazarar da ba ta wuce mita 400 ba.

Masu aikin taba suna da nasu ciwon. Ganyen da ke jiƙe da raɓa ko ruwan sama yana sakin nikotin, fata ta sha, musamman da yake a hamata ake tara ganyen. Zuwa yamma sai amai da jiri da kasala, dare kuma ba barci. Rigar ruwa da safar hannu da safe, sauya kaya da zarar sun jiƙe, da wanka da sabulu bayan tashi suna rage shi ƙwarai. Sai dai rigar ruwa tana ƙara zafi, don haka a cire ta da ganye ya bushe.

Game da maganin ƙwari, dole a horar da ma'aikaci kowace shekara, kuma kowane magani yana da sa'o'in da ba a shiga fili bayan feshi. Allon da aka rubuta PELIGRO da NO ENTRE, wato haɗari da kada a shiga, ba ado ba ne, ko mayordomo ya ce a shiga. Yawan zufa da dalalar miyau, ƙanƙancewar ƙwayar ido, amai da wahalar numfashi alamun guba ne. A wanke jiki, a tafi asibiti da sunan maganin, wanda doka ta ce mai gona ya bayar. Kayan aiki a wanke su daban, kada a kwana da su a ɗaki. Duk wani rauni, ko faɗowa daga tsani ko yankan wuƙa, a sanar da mai gona a rubuce a ranar. A Filorida da Jojiya da Kalifoniya da Karolina ta Arewa wa'adin sanarwa kwana 30 ne, kuma wanda ya daure ya yi shiru har ya koma Meziko da ciwon baya, da wuya inshora ta saurare shi.

In abu ya lalace

Babbar matsalar wannan biza ita ce a ɗaure take da mai gona guda, kuma shi ne zai ce a sake kiran wane baɗi ko kada a kira shi. Tsoron a goge sunan mutum daga jerin baɗi ya fi kowace barazana rufe baki. Doka ta hana ramuwar gayya ga wanda ya kai ƙara, amma tabbatar da ita aiki ne, shi ya sa kai kuka a ƙungiyance ya fi na mutum ɗaya. Tun 17 ga Janairun 2025 an ɗan sassauta: wanda aikinsa ya yanke yana da har kwana 60 ya nemi wani mai gonar da ke cikin shirin, kuma zai iya fara aiki da zarar sabon ya shigar da takardarsa.

Sashen kula da albashi da sa'o'in aiki na Ma'aikatar Ƙwadago yana karɓar ƙara da Sifaniyanci a lamba 1-866-487-9243. Akwai ofisoshin lauyoyi masu taimakon ma'aikatan gona kyauta a jihohi da yawa, akwai ƙananan ofisoshin jakadancin Meziko, akwai asibitocin 'yan ci-rani masu rangwame. A Karolina ta Arewa ƙungiyar ƙwadago ta FLOC ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu gonakin jihar a 2004, wadda ta bai wa ma'aikata hanyar kai kuka da haƙƙin a sake kiran su. A gonakin da ke cikin shirin Fair Food, wanda ƙungiyar ma'aikatan garin Immokalee na Filorida ta fara a 2011, akwai layin kai ƙara dare da rana. Mata kaɗan ne ƙwarai ake ɗauka a wannan biza, kuma waɗanda suka samu sukan fuskanci cin zarafi daga masu iko da jerin suna, don haka su riƙe waɗannan lambobi tun kafin su tashi. In an ƙwace fasfo, ko an hana fita, ko ana barazana ga iyali a gida, wannan ya zama fataucin mutane, lambarsa 1-888-373-7888. Ƙarar albashi yawanci shekara biyu ne wa'adinta, kuma ana iya bin ta daga Meziko.

Hanyar Kanada

Shirin Kanada ya fara da Jamaika a 1966, Meziko ta shiga a 1974, kuma a Meziko PTAT ake ce masa. Babban bambancinsa shi ne babu dillali. Gwamnatin Meziko ce ke zaɓen mutane ta ofisoshin Servicio Nacional de Empleo, ba a biyan komai. Duk wanda ya ce zai sa sunan mutum a jerin Kanada in an ba shi wani abu, ɓarawo ne. Ana neman mazauna karkara masu sanin aikin gona, 'yan shekara 22 zuwa 45 a karon farko, an kuma fi son masu iyali. Kwantiragi ba ya wuce wata takwas tsakanin 1 ga Janairu da 15 ga Disamba, kuma mafi ƙaranci sa'a 240 ne cikin mako shida. Mai gona ke sayen tikitin jirgi, a yawancin larduna ya cire wani kaso daga albashi.

Aikin ya fi yawa a rumfunan gilashi na tumatir da kokwamba a Leamington da ke Ontario, gonakin 'ya'yan itace na Niagara da kwarin Okanagan, da gonakin kayan lambu na Kebek. Matsalar ɗaya ce da ta Amurka: izinin aiki da sunan mai gona guda, kuma shi ke kiran ma'aikaci da suna baɗi. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya Tomoya Obokata, bayan ziyararsa a 2023, ya ce irin wannan tsari na iya haifar da bautar zamani. Tun 2019 wanda ake zalunta zai iya neman buɗaɗɗen izinin aiki da zai ba shi damar barin gonar. A Kanada ana cire haraji da kuɗin fansho da na inshorar rashin aiki daga albashi. Kuɗin fanshon ba asara ba ne, ana iya nemansa daga Meziko tun daga shekara 60, muddin an adana lambar inshora da takardun haraji. Da an dawo gida kuma a je ofishin da ya tura mutum a ba da rahoton dawowa, in ba haka ba gurbin baɗi na iya salwanta.

Aika kuɗi da komawa

Wajen aika kuɗi, mutane kan kalli kuɗin aikawa su manta da farashin canji, alhali a nan riba take ɓuya. Tambayar da za a yi ita ce peso nawa za su isa hannun iyali in an ba da dala 500, a gwada wuri biyu ko uku. Wanda ya buɗe asusun banki ya huta da biyan kamasho a shagon canjin ceki, ya kuma huta da ajiye kuɗi a ƙarƙashin katifa a gidan da kowa ya san ranar biya. In akwai bashi a gida, mai ruwa ake fara kashewa kafin a sayi bulo.

Ba a cire wa mai bizar H-2A harajin Social Security da Medicare, wato na fansho da na inshorar lafiyar tsofaffi. In ya ga an cire, kuskure ne, ya nemi a mayar. Harajin kuɗin shiga kuwa yana iya hawa kansa ko da ba a cire ba, don haka ya bar wa mai gona adireshin da takardar W-2, mai nuna jimlar albashinsa na shekara, za ta same shi, ya cike fom ɗin haraji kafin 15 ga Afrilu.

Kafin a hau motar komawa a zauna da littafi a yi lissafi na ƙarshe: jimlar sa'o'in da aka bayar a gwada da kashi uku cikin huɗu, kuɗin zuwa an mayar ko ba a mayar ba, kuɗin komawa da na abincin hanya. A duba ranar da ke kan I-94, ita ce ke faɗin ranar da izinin zama ya ƙare, ba wadda ke jikin biza ba. Wanda ya sauya daga wannan gona zuwa waccan har ya cika shekara uku a jere, dole ya fita ya yi aƙalla kwana 60 a waje kafin ya sake nema. Kwantiragi, takardun albashi, rasit, takardun asibiti da ɗan littafin nan a haɗa su cikin leda guda a rubuta shekarar a bayanta, a ajiye inda ruwa da ɓera ba za su kai ba.